Kusurwar da Aka Naɗe a Tabarmar Gulmara

Da sunan Wanda ya shimfiɗa ƙasa ba turke, ya ɗaga sama ba ginshiƙi, ya saki kogi yana gudu bai nemi izinin sarki ba. Bayan haka, ni Gwamma 'yar masunta, mai bandar kifi a da, mai zaman zaure a yau, ni na rubuta wannan saboda jikokina. Da furfura a kaina na koyi rubutu, don haka wanda ya ga harafi ya karkace ya gyara a ransa ya wuce. Kun ishe ni da tambaya: me ya raba mu da ƙasarmu, me ya ci idon ubanku. To ga amsa. Ku karanta ku bar ni in huta.

Asalinmu Gulmara, a bakin Kogin Shuni, wanda ruwansa ke rina ƙafar mai wanka har kwana uku. A tsallake akwai Kanwatu, ƙasar ramukan kanwa, inda ko tsuntsu ya sauka sai ya tashi da farar ƙafa. Can gangare, inda kogin ya rabu bakwai, akwai Tsibirau. Kowace cikin ukun tana cewa kogin nata ne. Kogin dai bai taɓa cewa komai ba.

Wata safiya masuntanmu goma sha biyu suka bi giwar ruwa har tsakiyar kogi. Jiragen Kanwatu suka kewaye su, suka ce ruwansu aka shiga, aka tafi da su ramin kanwa. Ubanku na ciki. Ɗan farina ne, shi kaɗai kuma ya rayu cikin biyar da na haifa. Kun san ba na kiran sunansa. Tun ranar suna har zuwa lokacin bai taɓa fita daga bakina ba, haka ake a wurinmu.

Ina juya kifi a kan banda aka zo aka faɗa mini. Na ƙarasa juyawa. Mata suka taru suna kuka, uwarku tana birgima da cikin autanku, ni kuwa ina duban su kamar mai kallon ruwan sama a gonar wani. Na taɓa idona, a bushe. Na ce wataƙila gobe. Gobe ta zo, babu. Abin ya zauna mini a ƙirji kamar dutsen niƙa, ba zafi, ba sanyi, nauyi kawai.

Na tafi fada wurin Sarki Jatau. Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ɗana nake so."

Ya ce, "Iya, mashin Kanwatu ya fi namu tsawo, yaƙi ba zai yiwu ba. Akwai dai Zauren Tabarmi a kan Dutsen Tsakiya, inda ƙasa ke kai ƙarar ƙasa. Amma ba a sauraron mutum a can, ko uwa ce. Sai mai riƙe da sandar ƙasarsa. Jakadu uku na aika a kan wasu maganganu, rairayi ya haɗiye su, sandar kaɗai fatake ke tsinto mini."

Ya dubi fadawa. Kowa ya sami abin dubawa a tafin ƙafarsa.

Na ce, "A ba ni."

Aka yi dariya kaɗan, sannan aka ba ni, don babu wani hannun da ya miƙo. Baƙar sanda ce ta itacen kanya, da zoben tagulla a wuya. Har na juya sarki ya kira ni.

"Abu guda. Za ki ga tabarmar Gulmara a zauren, kusurwarta ɗaya a naɗe. Kada ki taɓa ta. Ranar da kika taɓa, ke da zuriyarki kun gama shan ruwan Gulmara."

"Me ke ƙarƙashinta, ranka ya daɗe?"

"Ƙura," in ji shi.

Na ɗaure bandar kifi a tsumma. Na shiga ɗakin ubanku in ɗauki wani abu nasa, ban sami komai ba sai zaren fatsarsa da ƙugiya. Na cusa a lalita na kama hanya.

Farkon abin da na tarar shi ne Rairayin Hawaye, tafiyar kwana goma sha tara. Iskar wurin tana magana da muryar wanda ka rasa, kuma ɗigon hawaye ɗaya ya taɓa ƙasa, yashi ya buɗe baki ya rufe a kanka. Na wuce hulunan jakadun nan uku, kowace a zaune kan yashi kamar mai ita ya sunkuya ne kawai. Iskar ta zo mini da muryar ubanku yana ɗan shekara huɗu, yana cewa, "Inna, ƙaya ta soke ni." Ta faɗa safe, ta faɗa yamma. Ina ji ina tafiya. Daga baya mutane suka riƙa cewa jarumta ce. Ba jarumta ba ce. Rijiyar ce ta ƙafe.

Bayan rairayi sai Kurmin Kuraye. Kurayen can da ƙafa biyu suke tafiya, suna naɗa rawunan mutanen da suka cinye, kuma duk mai wucewa sai sun yi masa shari'a. Suka zaunar da ni a tsakiya, su wajen talatin, yawu na zuba a kan rawani.

Na ce, "Wa ya kai ƙarata?"

Suka ce, "Mu."

"Wa zai yanke?"

"Mu."

"An tambaye ni ko na yarda?"

Dariyar da suka yi sai da ganye ya zubo. Wata tsohuwa mai kunne ɗaya ta ce, "Baiwar Allah, nan ba a tambaya."

Na kwance tsummana na zaro ragon ruwa mafi girma, mai ƙamshin hayaƙin ƙirya. Na ce, "A garinmu babban alƙali ake fara gaisarwa. Ni baƙuwa ce, ban san babbanku ba. Ga shi, babban ya ɗauka." Na jefa tsakiyarsu. Talatin ɗin nan kowacce ashe babba ce. Na bar su suna yayyaga rawunan juna, na tafi. Ban yi gudu ba, gwiwata ba ta gudu.

Na hau Dutsen Tsakiya a wata na huɗu. Zauren Tabarmi faɗinsa ya kai kasuwar gari, daɓensa baƙin dutse, ba ƙofa, ba dogari, ba ko sandar kora akuya. A can ƙurya alƙalai bakwai na zaune, daga ƙasashe bakwai, da wata babbar randa a gabansu. Sauran wurin duk tabarmi ne, kowace ƙasa da tata. Wasu a shimfiɗe. Wasu an naɗe an jingine da bango, gizo-gizo ya yi gida. Wasu a shimfiɗe amma an lanƙwasa musu kusurwa.

Wani tsoho mai shara, Baba Cindo, ya ga ina raba ido ya matso da tsintsiyarsa.

Ya ce, "Sabuwa ce ke. To ji. Nan ba a kamo kowa. Ƙasa da hannunta take shimfiɗa tabarmarta, ma'ana ta yarda a yi mata shari'a. Wadda ta naɗe tata ta jingine, alƙalan nan ba su da hurumi a kanta ko da ta ƙone duniya. Mai ƙara ya jefa tsakuwa a randa. In tabarmarsa da ta abokin ƙararsa duk a shimfiɗe suke, shari'a ta kama."

Na ce, "Ashe kuraye sun fi ku aiki."

"Sun fi mu nesa ba kusa ba. Kin taɓa ganin wanda ya fito daga wurinsu da gaskiyarsa a hannu?"

Na bi layi ina neman ta Kanwatu. Na same ta fara fat, a shimfiɗe, kusurwa huɗu a miƙe. Dutsen da ke ƙirjina ya ɗan motsa, karo na farko. Na tsinci tsakuwa a bakin zaure, na je na jefa a randa, na ce Gulmara na ƙarar Kanwatu a kan masunta goma sha biyu.

Jakadan Kanwatu sunansa Barmo, mai ƙiba, mai fara'a, ƙafafunsa fari kamar ya taka gari. Ya miƙe ya gaishe ni da ladabi har da tambayar gajiyar hanya. Sannan ya ce, "Allah ya gafarta malamai, a duba tabarmar Gulmara."

Aka duba. Baba Cindo ya sunkuya ya karanta abin da aka rubuta a bayan kusurwar da aka naɗe: "Mun yarda da shari'a a kan komai, ban da abin da ya faru a kan ruwan kogi."

Barmo ya ce, "A ina aka kama masuntan, Iya?"

Na ce, "A kan ruwa."

Ya buɗe hannuwa ya zauna.

Babban alƙali, wani tsoho da kansa ke rawa don tsufa, ya yi mini bayani a hankali kamar mai ba jariri kunu. Abin da ƙasa ta ɓoye a ƙarƙashin lanƙwasarta, abokin ƙararta ma yana da ikon fakewa a nan. Ba za ka ƙi a tambaye ka zancen ruwa ba, sannan ka zo kana tambayar wani. Ya sa ludayi ya kwaso tsakuwata ya miƙo mini, a jiƙe.

"Ba mu ce ba ki da gaskiya ba. Mun ce ba mu da hurumin jin ta."

Na karɓa na ce na gode. Ban san me na gode wa ba.

A waje, gindin wata tsamiya, na ga wata mace zaune tana tsefe kai, da sandar ƙasa a gefenta wadda gara ta fara ci. Ta dube ni sama da ƙasa.

"Ke ce ta Gulmara? Zauna in gan ki da kyau. Shekara tara ina son ganin fuskar mutumin Gulmara."

Sunanta Tabawa, daga Tsibirau. Ta rako jakadansu ne, ya gaji ya koma ya bar mata sandar. Ɗanta na cikin mutum talatin da jiragen Gulmara suka kama a kan kogi, aka sa su haƙa wa Sarki Jatau magudanar ruwa. Tsakuwarta sau tara ana mayar mata, saboda kusurwar nan.

Na san mutanen. Ina faɗa muku don kada wani ya faɗa muku. Na sha wucewa ta bakin magudanar, na ga su da mari a ƙafa, na sayar wa masu tsaronsu kifi. Ban taɓa tambayar 'ya'yan wa ne ba. Na faɗa mata haka.

Ta ce, "Kifin da daɗi?"

"Da daɗi."

"To ba ni in ci. Sarkinku ya gina ramin mugunta, bai gina shi gajere ba, ga shi tsohuwa ta faɗa."

Muka ci tare. Daga ranar muka zama tukunya ɗaya a gindin tsamiyar nan. Tana zagin Gulmara da safe, ina cire mata ƙaya a kifi da rana.

Na koma wurin Baba Cindo na tambaye shi yadda ake buɗe lanƙwasa. Ya ce da sandar ƙasa ake buɗewa, ba da hannu ba, kuma mai sanda kaɗai ke jefa tsakuwar ƙasarsa.

"Amma dubi can," in ji shi. Barmo na zaune a gefen tabarmarsu, hannunsa ɗaya a kan bakinta. "Tun ranar da kika zo bai matsa ba, daga buɗe zaure har tashi. Kina buɗe taku zai naɗe tasu, numfashi uku ya gama. Daga tabarmarku zuwa randa taku sittin ne. Na ga yadda kike tafiya."

"In tsakuwa ta riga shi faɗawa fa?"

"In ta faɗa duka biyu suna shimfiɗe, ko ya haɗiye tabarmar shari'a ta kama."

Kwana da kwanaki ina zuwa in zauna a kan tabarmar Gulmara, ba don komai ba, don babu inda zan je. Wata rana na zaro zaren fatsar ubanku ina warwarewa ina naɗewa. Barmo ya leƙo yana murmushi.

"Iya, kifi a kan dutse?"

"Hannu ne ba ya son zama, ɗan nan."

Ina faɗa ina duban zaren. Kogin Shuni ya rina shi shekara da shekaru, ya yi baƙi. Na ajiye shi a kan daɓen, na neme shi da ido na rasa.

Kwana uku na yi ina aikin, kaɗan kaɗan. Na soka ƙugiya a bakin kusurwar ina yi kamar ina sosa ƙafa. Na riƙa sakin zare a bayana duk lokacin da na je gaida alƙalai, na zagaya da shi bayan wani ginshiƙi don jan ya zo ta inda kusurwar za ta faɗi. Baba Cindo ya zo shara, tsintsiyarsa ta kai wurin, ta ɗaga, ta sauka a gaba. Bai dube ni ba.

Na faɗa wa Tabawa ta tsinci tsakuwa ta tsaya kusa da ni. Ta ce, "Kin san ba za ki koma gida ba?"

"Na sani."

"Ba don ni za ki yi ba."

"Ba don ke ba."

"Madalla. Da kin ce don ni ne da na san maƙaryaciya ce."

Da hantsi na tsaya a bakin randa, zare a ɗaure a wuyan sandar Gulmara, tsakuwa a hannun hagu. Na tuna kabarin kakanku, da ƙananan kaburbura huɗu a gefensa, da bandata, da ruwan da ba zan ƙara sha ba. Na laluba cikin raina ko akwai abin da zai riƙe hannuna. Ban sami komai ba, wurin fayau. Sai na fizgi sandar yadda ake fizga in giwar ruwa ta haɗiyi ƙugiya.

Can baya kusurwar ta tashi ta faɗi, ƙurar shekaru ta yi sama. Sarki bai yi ƙarya ba, akwai ƙura. Na saki tsakuwa. Ta ce ƙwal a cikin randa. Kafin ruwan ya kwanta wata ta biyo ta, ta Tabawa.

Barmo ya naɗe tabarmarsu, har ya rungume ta a ƙirji. Ya zo yana haki, fara'ar ta tafi. Ya ce dabara ce, ya ce kowa ya san sarkinta ya hana ta taɓa kusurwar.

Babban alƙali ya ce, "Abin da sarkinta ya raɗa mata a fada, mu ba a raɗa mana ba. Sanda muka gani, a hannunta, ita ta buɗe. Kai kuma, wa ya shimfiɗa taku?"

"Sarkinmu."

"An sa masa wuƙa a wuya?"

"A'a."

"To ajiye ta ka zauna."

Sannan ya ce in faɗi sunayen waɗanda ake nema, don a rubuta. Na faɗi goma sha ɗaya na tsaya. Ya ce saura ɗaya. Na ce ɗan farina ne. Ya ce ya sani, kuma yana jin nauyina, amma ba a rubuta mutum da "wancan". Tabawa ta buɗe baki za ta faɗa, ya ɗaga mata hannu. 

Na ce, "Arzika."

Sunan ya fita kamar ƙayar kifi da ta shekara talatin a maƙogwaro. Ga shi na rubuta ma. Ba zan ƙara ba.

Damina biyu aka yi ana shari'un. Aka auna kogi, aka kira shaidu, aka yi maganganun da ban gane rabinsu ba. A ƙarshe aka ce tsakiyar kogi ba ta kowa ba ce, Kanwatu ta saki namu, Gulmara ta saki na Tsibirau. Zauren ba shi da mashi ko ɗaya. Amma ƙasar da ta shimfiɗa tabarma da kanta sannan ta ƙi hukunci, fatake ba sa ƙara yarda da alkawarinta, kuma kanwa ba ta sayar da kanta. Suka saki.

Na Tsibirau aka fara kawowa, goma sha tara cikin talatin. Tabawa ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ɗaga haɓarsu. Na ƙarshe ya ce mata nata ya rasu tun shekara ta bakwai, zazzaɓi, an binne shi a bakin magudanar. Ta miƙo mini sandarta in riƙe mata, ta zauna a ƙasa. Kukan da ta yi ranar, da a rairayi ne da ya haɗiye dutsen gaba ɗaya. Ni ina tsaye da sanda biyu.

Namu suka iso bayan wata guda, tara cikin sha biyu, fari fat kamar an tono su daga toka. Na ƙirga fuskoki. Na takwas wani na jan sa da gefen riga, idanunsa a buɗe amma ƙurar kanwa ta dafa su, sun zama kamar na dafaffen kifi. Na je na tsaya gabansa. Na jira abin nan da mata ke yi ya zo mini. Bai zo ba.

Ya ɗaga hanci ya shaƙa. Ya ce, "Hayaƙin ƙirya. Inna ce."

Na ce, "Ka rame."

"An ce kin kira sunana a gaban alƙalai bakwai."

"Tilasta ni aka yi."

Ya yi murmushi, leɓensa ya tsage. Ya ce, "Inna, an ce a zauren nan ba a tilasta kowa."

Na kama hannunsa na ɗora a kafaɗata na ce ya kula da dutse, gangara ce.

Sarki Jatau ya cika alkawarinsa. Ya aiko aka karɓi sandarsa, ya sa aka saka uwarku da ku a kwalekwale aka tura. Tabawa ce ta tsaya a gaɓar Tsibirau ta karɓi igiyar. Wannan gidan da kuka tashi a ciki nata ne, ɗakin da ubanku ke saƙar tabarma kuwa ɗakin ɗanta ne. Har ta rasu ba ta daina zagin Gulmara ba, ba ta kuma taɓa cin abinci ba ta aiko wa ubanku ba. Kukan nan har yau ban yi shi ba. Ta ce in bar shi, ta yi mana mu biyu.

To kun ji. Alƙalamina ya gaji, ni ma haka. Wanda ya karanta ya yi wa Tabawa addu'a kafin ya yi mini. In kun tashi kuma, ku miƙe kusurwar tabarmar nan da kuka lanƙwasa, ubanku zai biyo ta nan kuma ba ya gani.